John Falconer: Baturen da ya fara karanta lanƙwasar duwatsun Arewa

Duk wanda ya taɓa sauka cikin busasshen rafi a ƙasar Birnin Gwari da rani, a Gayam ne ko a wani ƙauye na gefen dajin Kamuku, ya san kamannin dutsen wurin. Falle-falle yake kamar shafukan littafi, kuma maimakon ya kwanta yadda laka kan kwanta a gindin tafki, sai a gan shi tsaye a kan gefensa, ya miƙe daga kudu ya doshi arewa. Nan da can farin dutse ya ratsa shi kamar jijiya. Samarin da ke haƙar zinare sun fi kowa sanin wannan jijiya, ita suke bi da diga da guduma har cikin ramin da hasken rana ba ya kaiwa ƙarshensa. Wasu sun samu, wasu rami ya rufta da su, wasu kuma 'yan bindiga sun ƙwace abin da suka wanke.

Mutumin da ya fara rubuta bayanin irin waɗannan duwatsu na Arewa a dunƙule, ya nuna cewa a da can laka da yashi ne shimfiɗe kafin wani ƙarfi ya matse su ya tayar da su tsaye, shi ne John Downie Falconer, ɗan ƙasar Sikotland. Ya fara aikinsa a Arewa shekara guda bayan faɗuwar Sakkwato. Gwamnatin da ta ci ƙasar da yaƙi ita ta ɗauke shi, aikin da ta ba shi kuwa shi ne ya gano abin da ke cikin ƙasar wanda za a iya sayarwa a Landan. Ya yi wannan aiki, kuma a cikin yinsa ya bar ilimin da ya daɗe fiye da daular da ta aiko shi.

An haife shi a 1876 a yankin Midlothian, kusa da birnin Edinburgh. Ga yaron da zai karanci duwatsu, da wuya a sami mahaifar da ta fi wannan. A gaɓar tekun da ke gabas da wannan yanki ne, a wani wuri da ake kira Siccar Point, James Hutton ya nuna wa abokansa a 1788 wasu duwatsu da ke tsaye da wasu da suka kwanta a kansu, ya fahimtar da su cewa tsakanin na ƙasa da na sama akwai zamani mai tsawon da hankalin mutanen lokacin bai saba da shi ba. Lokacin da Falconer ke ƙuruciya kuwa, masana duwatsun Birtaniya suna tsakiyar wata doguwar taƙaddama kan tsaunukan arewa maso yammacin Sikotland, inda aka ga tsofaffin duwatsu a kan waɗanda ba su kai su shekaru ba. Charles Lapworth, sannan Benjamin Peach da John Horne, su suka warware ta: sun tabbatar da cewa wani babban ɓangare na ɓawon ƙasa ne aka tura ya hau kan wani, ya yi tafiyar kilomita masu yawa. A 1885 Lapworth ya raɗa wa niƙaƙƙen dutsen da ke tsakanin ɓangarorin biyu suna mailonait, daga kalmar Girkanci da ke nufin maniƙa. A ƙarshen shekarun 1880 wani abokin aikinsu, Henry Cadell, ya ƙera akwati ya shimfiɗa yashi da yumɓu a ciki, ya riƙa matsawa daga gefe yana kallon yadda suke ninkewa su tsage, don ya ga a ƙaramin ma'auni yadda tsauni ke tashi.

A cikin wannan yanayi Falconer ya horu. Ya zama mataimaki ga Farfesa James Geikie na Jami'ar Edinburgh, wanda littafinsa na 1905 kan tsarin duwatsu da aikin fili ya daɗe a hannun ɗalibai. Bincikensa na farko a kan duwatsun aman wuta na tuddan Bathgate da Linlithgow ne, yamma da Edinburgh, aka buga shi a mujallar ƙungiyar masana ta birnin, wadda ta zaɓe shi mamba a 1907. Da ya zauna gida, mai yiwuwa da ya ƙare a matsayin malamin da ya san tuddan garinsu ciki da bai. Sai siyasar daula ta buɗe masa wata ƙofa.

A ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Birtaniya ta karɓi mulkin ƙasashen da Kamfanin Neja ke iƙirarin riƙewa, ta biya shi fam 865,000. Cikin sharuɗɗan cinikin akwai wanda ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani: kamfanin zai riƙa karɓar rabin duk harajin ma'adinai da aka samu tsakanin kogin Kwara da wani layi da aka ja daga Yola zuwa Damagaram, har tsawon shekara 99. Birnin Gwari tana cikin wannan da'ira, haka Jos, haka Zariya da Kano. An yi wannan rabo ne tun Sarkin Musulmi yana kan gadonsa, shekara uku kafin sojojin Lugard su shiga Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris. Bayan an ci ƙasar sai ta zame wa Lugard jidali ta fuskar kuɗi, domin harajin da ake tarawa bai isa biyan soja da ma'aikata ba, baitulmalin Landan ke cikawa duk shekara, kuma ba da son ransa ba. Ga shi an riga an ji ƙishin-ƙishin na kuza a tuddan Bauchi. Saboda haka aka kafa ayarin binciken ma'adinai a Kudu a 1903, na Arewa kuma a 1904, dukansu ƙarƙashin kulawar wata cibiyar nazarin albarkatun daula da ke Landan, wadda Farfesa Wyndham Dunstan ke shugabanta. Ayarin Kudu ne ya gano kwal a Udi a 1909, abin da ya haifi birnin Enugu. Na Arewa aka danƙa wa Falconer, yana ɗan shekara 28.

Shekara biyar ya yi yana wannan aiki, daga 1904 zuwa 1909, kuma ya fara shi a lokacin da babu jirgin ƙasa a Arewa in ban da ɗan guntun layi a wajen Zungeru, babu kuma taswirar da za a dogara da ita. Doki ne da 'yan alaro, guduma da kamfas da littafin rubutu, sai akwatunan samfurin duwatsu da ake aikawa Landan a auna. Ƙasar ma ba ta gama lafawa ba. A Fabrairun 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, suka fatattaki wata rundunar Turawa, a wata mai biye aka koma aka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000. A Afrilun shekarar aka ci Haɗeja. Matafiyin da ke ratsa ƙauyuka yana farfasa duwatsu a irin wannan lokaci, kowa ya san inuwar wa yake sha, kuma in ya nemi hatsi ko masu ɗaukar kaya babu dagacin da zai ce a'a.

Bai kuma tarar da ƙasa wadda mutanenta suka jahilci abin da ke ƙarƙashinsu ba. Maƙera sun san inda tama take, sun san wadda ke ba da ƙarfe mai kyau. Mutanen Riruwai da na Liruwen Dalma sun daɗe suna narka kuza suna fitar da ita siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa, kuma wannan hajar ce ma ta fara jawo hankalin Kamfanin Neja. Akwai masu dafa gishiri a Awe da Keana, masu kanwa a Barno, masu tono tozali a kwarin Binuwai. Mai binciken ma'adinai a wancan zamani da tambayar irin waɗannan mutane yake fara aikinsa. Amma littafin da ya fito daga tafiyar, wanda kamfanin Macmillan ya buga a 1911 kan duwatsu da labarin ƙasa na Arewacin Najeriya, sunaye uku ke bangonsa: Falconer, abokin aikinsa Arthur Longbottom wanda ya mutu kafin littafin ya fito, da Henry Woods na Cambridge wanda ya yi nazarin burbushin halittun teku da aka samo. A wannan shekarar ya fitar da littafi na biyu, labarin tafiyarsa a kan doki, don masu karatu na gida. Wanda ya karanta shi yau zai ga mutum mai lura sosai da tudu da kwari, wanda idan ya juyo kan mutane sai ya dube su da idon mai mulki, kamar sauran Turawan zamaninsa.

Littafin farkon shi ne abin da ya rage. Falconer ya raba tsofaffin duwatsun Arewa gida biyu. Kashi ɗaya masu tauri ne, masu ratsi-ratsin fari da baƙi, waɗanda masana ke kira nais. Ɗaya kashin sun fi laushi, su ne masu falle-falle da ake kira shist tare da danginsu, kuma ya gane cewa asalinsu laka ce da yashi da suka taru a cikin ruwa. Sannan ya lura da abin da ya fi komai muhimmanci: kashi biyun an ninke su tare, kuma ninkin kusan ko'ina daga kudu zuwa arewa ya miƙe. Wannan ita ce miƙewar da ake gani a rafukan Birnin Gwari.

Yana da kyau a tsaya a kan ma'anar wannan, domin a nan ilimin yake. Dutsen da ke hannun mutum, in an buga shi fashewa yake yi. Amma can cikin ƙasa, a zurfin kilomita goma ko ashirin, inda zafi ya kai ɗaruruwan digiri kuma nauyi ke dannawa ta kowace fuska, dutse yakan lanƙwashe a hankali kamar kakin zuma da ya sha rana, in dai an ba shi miliyoyin shekaru. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa, musamman masu faɗi da ƙyalli, sai su jeru su ba wa inda matsin ke fitowa faffaɗar fuskarsu, kamar yadda tabarmar da aka tura daga gefe biyu take tattarewa a tsakiya. Daga nan falle-fallen ke samuwa. Idan an ga fallayen a tsaye sun miƙe kudu da arewa, to matsin daga gabas da yamma ya zo. Idan aka ga ninki a cikin ninki, to sau biyu aka matsa. Mai ido da haƙuri yana iya jera abubuwan da suka faru, wannan kafin wancan, ko da bai san shekarun ko ɗaya daga cikinsu ba. A 1911 kuwa babu wanda ya sani, domin auna shekarun dutse da sinadarai masu ruɓewa a lokacin yana jariri.

Da wannan ma'auni ya yi rabon da ya sa sunansa bai ɓace ba. Dutsen giranit, wanda narkakke ne da ya taso daga ƙasa ya daskare, yana ko'ina a Arewa, kuma ga ido duk ɗaya ne. Falconer ya ga iri biyu ne. Akwai wanda matsin ya taɓa, ƙwayoyinsa sun jeru sun bi miƙewar duwatsun da ke kewaye da shi, wato ya riga ya shigo kafin matsin ya ƙare. Akwai kuma wanda babu alamar matsi a jikinsa ko kaɗan, ya yanke duk abin da ya tarar, wato ya zo bayan ƙura ta lafa. Ya kira na farko Tsohon Giranit, na biyu Sabon Giranit. Kuza kuwa, wadda saboda ita aka turo shi, tare da sabon take tafiya. Wannan jumla guda ta fi duk akwatunan samfurin da ya aika Landan daraja, domin ta gaya wa kamfanoni inda za su nema da inda za su bari. Tsakanin 1909 da 1912 hannayen jarin kamfanonin kuzar Najeriya suka yi tashin gwauron zabo a kasuwar Landan, a 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Jos, su kuwa masu narka kuza na gargajiya aka yi ta taƙaita su har sana'ar ta mutu.

Akwai wani bayani nasa da ba shi da alaƙa da kuɗi, wanda masu nazarin siffar ƙasa a duniya suke ambatonsa da shi har yau. Tambayar ita ce yadda aka yi falalen dutse kamar Kufena a Zariya, ko Kwatarkwashi, ko Zuma, yake tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. Amsar Falconer ita ce a ƙarƙashin ƙasa aka sassaƙa shi. Ruwa yana bin tsagogin dutse ya ruɓar da shi a hankali har zurfi mai yawa, amma inda tsagogin suka yi ƙaranci sai curin ya tsira da ƙarfinsa a cikin ruɓaɓɓen. Daga baya, idan zaizaya ta kwashe mai laushin, sai curin ya bayyana a sarari. Bayani ne mai sauƙi, kuma fiye da shekara ɗari bayan haka shi ne mafi rinjaye. Shi ne kuma ya shigar da sunayen Bima da Kerikeri cikin ƙamus na duwatsun yashin arewa maso gabas. Dutsen Bima, wanda mutanen ƙasar suka daɗe suna danganta shi da labarin Mahadi, kuma ba shi da nisa da Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903, yau sunansa na cikin rahoton duk injiniyan da ya yi aikin neman mai a Kolmani.

Zamansa na malamin jami'a gajere ne. A 1911 Jami'ar Glasgow ta ɗauke shi malamin labarin ƙasa, darasin da bai wuce shekara biyu da kafuwa a can ba. Farfesan ilimin duwatsu a jami'ar a lokacin shi ne J. W. Gregory, wanda ya yi suna da bayanin babbar tsagar ƙasa ta Gabashin Afirka, saboda haka ɗaliban Glasgow na waɗannan shekaru sun ji labarin Afirka daga bakin mutum biyu da suka taka ta da ƙafa. Shekara biyar ya yi yana koyarwa. A 1916, Yaƙin Duniya na Ɗaya na ci, ya koma Najeriya ya yi ɗan zama a ɓangaren mulki, sannan da aka kafa Hukumar Binciken Duwatsu ta Najeriya a 1919 ya zama daraktanta na farko.

Abin da hukumar ta fara sa a gaba ya nuna wanda ake yi wa aiki. Rahotonta na ɗaya, na 1921, Falconer ne ya rubuta shi, a kan filayen kuza na Filato. A 1923 shi da Colin Raeburn suka fitar da wani kan filayen kuza na arewacin lardin Bauchi. Kuza da kwal suka cinye mafi yawan shekarun farko. Maganar ruwan sha, wadda ita ce ta fi damun manomi da makiyayi daga Sakkwato zuwa Barno, sai a ƙarshen shekarun 1920 hukumar ta juyo gare ta sosai, ta shiga aikin gina rijiyoyi, har Raeburn da Brynmor Jones suka fitar da rahoto kan ruwan kwarin Chadi a 1934. Ba Falconer ne ya tsara wannan jeri na buƙatu ba, amma bai kamata a wanke shi tas ba: shi ne shugaba kusan shekara tara, kuma ya san abin da taswirorinsa ke buɗewa. Yana raye lokacin da Japan ta kama Malaya, Birtaniya ta rasa kuzar can, aka shiga ɗiban dubun-dubatar talakawan Arewa aikin tilas a ramukan Filato tsakanin 1942 da 1944, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu.

Ya bar Najeriya a ƙarshen shekarun 1920 ya tafi Yurugwai, a Kudancin Amurka, ya yi wa gwamnatin ƙasar aiki na wasu shekaru, ya zana taswirar duwatsun yankunan Cerro Largo da Tacuarembó, aka buga rahotanninsa da Sifaniyanci. Duwatsun da ya yi aiki a kansu a can na rukunin da ake kira Gondwana ne, masu kama da na Afirka ta Kudu da Indiya, irin waɗanda Alfred Wegener da Alexander du Toit suka kafa hujja da su cewa nahiyoyin kudu a da a haɗe suke. A lokacin yawancin masana ba su yarda ba. Yau an tabbatar, har ana iya ɗora taswirar arewa maso gabashin Burazil a gefen ta Najeriya a ga duwatsu iri ɗaya da manyan tsagogi sun ci gaba daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Yana can ne zinaren Birnin Gwari ya tashi. Tun wajen 1913 ake ɗan samun zinare a Arewa, amma da Birtaniya ta raba kuɗinta da ma'aunin zinare a 1931 farashi ya hau, sai Turawa da Kwarori masu lasisi suka bazu a lardunan Neja da Zariya da Sakkwato, 'yan ƙasa na yi musu wanki a rafi. Tsohon Birnin Gwari na cikin wuraren da aka fi haƙa. Yaƙi na biyu ya kashe kasuwar, aka watse aka bar ramuka. Daga nan hukumar da ya kafa ta waiwayi yankin: a 1957 ta buga rahoton W. Russ kan duwatsun lardunan uku da zinarensu, a 1963 na Truswell da Cope, wanda ya fayyace zirin shist na Birnin Gwari da na Kushaka da ke gabas da shi. A wajen Zungeru, garin da Lugard ya yi hedikwata, an sami zirin mailonait, niƙaƙƙen dutsen nan da Lapworth ya raɗa wa suna a Sikotland. Masanan da suka biyo baya sun yi shekaru suna muhawara kan ko Kushaka ta girmi Birnin Gwari, hujjarsu kuwa ita ce ta Kushaka ninkinta ya fi rikitarwa, kamar ta sha matsi fiye da sau ɗaya, ta Birnin Gwari kuma nata ya fi sauƙi. Ma'aunin Falconer ke nan, an dai ƙara masa kaifi.

Shekarun da bai iya sani ba, na'ura ta bayar da su bayan mutuwarsa. Tsohon Giranit ya kai kimanin shekara miliyan 600. Sabon, a Najeriya, yana tsakanin miliyan 140 da 210, kuma jerinsa ya ci gaba zuwa Damagaram da tsaunukan Azbin a Nijar, yana ƙara tsufa in ana yin arewa. A 1964 wani ɗan Sikotland kuma, William Kennedy na Jami'ar Leeds, ya lura cewa wannan zafi da matsi na shekara miliyan 500 zuwa 600 ya shafi sassa da yawa na nahiyar, ya kira shi Pan-Afirka, shekara guda bayan shugabannin nahiyar sun kafa ƙungiyar haɗin kansu a Addis Ababa. Matsin nan daga gabas da yamma da Falconer ya karanta a jikin dutse, yanzu an san karo ne tsakanin tsohuwar doron Afirka ta Yamma da ƙasar da ke gabas da ita. A ƙarshen karon manyan tsagogi suka keta yankin, irin ta Kalangai da ta Anka, ruwa mai tsananin zafi ya bi ta cikinsu da rassansu ɗauke da narkakkun sinadarai, ya daskare ya zama farar jijiyar nan. Shi ya sa zinaren Birnin Gwari da Maru da Anka yake a jere, ba a warwatse ba. Shi ya sa kuma a wasu wurare yake tare da dalma, domin ruwa ɗaya ya kawo su. A 2010, niƙa irin wannan dutse a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A 2015 aka sake yi a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka mutu. Gwajin da zai nuna ko jijiya na ɗauke da dalma ba mai wuya ba ne, kuma ɗakunan gwaji na hukumar da Falconer ya fara shugabanta a Kaduna suke.

Ita kuwa dokar da ya yi aiki a ƙarƙashinta ba ta canza sosai ba. Dokokin mulkin mallaka sun mayar da duk ma'adinai mallakar Sarkin Ingila. Da aka sabunta su a tsakiyar shekarun 1940, jam'iyyar NCNC ta sa dokar ma'adinai cikin waɗanda ta zagaya ƙasa tana yaƙa, kuma a wannan rangadi ne Herbert Macaulay ya kamu da ciwon ajali a Kano a 1946. Rabin harajin nan na Kamfanin Neja, wanda ya koma hannun magajinsa UAC, sai a 1950 gwamnatin Najeriya ta fanshe shi da fam miliyan ɗaya daga kuɗin 'yan ƙasa. Bayan 'yanci aka cire sunan Sarki aka sa Gwamnatin Tarayya, kamar yadda sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 suka tanada. Manomin Gayam yana da hurumin noma saman gonarsa, abin da ke ƙarƙashi kuwa a Abuja ake ba da lasisinsa, kuma in ya tona da kansa sunansa mai haƙa ba bisa ƙa'ida ba. A shekarun da hukuma ta janye daga dajin, masu bindiga ne suka riƙa karɓar kason da a da kamfani ke karɓa.

Falconer ya mutu a Ingila a watan Afrilun 1947, yana da shekara 70, shekara 13 kafin a sauke tutar da ya yi wa aiki. Ba a san shi a Arewa ba in ban da sassan ilimin duwatsu na jami'o'i. A can kuwa, daga Zariya zuwa Jos da Minna, ɗalibin da zai rubuta kundin digiri kan wani yanki na tsofaffin duwatsu yakan buɗe babin waiwayen ayyukan baya da suna ɗaya da shekara ɗaya, Falconer, 1911, kuma taswirar da zai liƙa a ƙarshen kundin har yanzu tana raba giranit gida biyu, tsoho da sabo.